Sai Sabo Ya Fito

Duk layin masu kayan kwamfuta babu mai kiran yayan Auta da sunansa na yanka. Sai-Sabo suke ce masa, kuma ba su zalunce shi ba. Mutum zai shigo shagonsa da niyyar a haɗa masa kwamfutar tebur, shi kuwa ya yatsine fuska ya ce, "Wannan za ka saya? Ai ta kusa zama tarihi. Bari sai sabo ya fito." In sabon ya fito kuma, ya riga ya ji labarin wanda ke biye da shi. Ita kanta kwamfutar da yake aiki da ita a kusurwar shagon tsohuwa ce tukuf, fankarta tana gurnani kamar tsohon firji, domin shi ma jiran sabo yake yi tun ba yau ba.

Auta ta san halin nan nasa sarai, shi ya sa ba ta yafe wa kanta kai masa kwamfutarta da ta yi ba.

Mahaifinsu mai hoto ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa a wani ɗan situdiyo mai labule shuɗi, kuma da ya rufe shi ya kwaso kwalaye cike da dodon hoto, wato baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, ya jibge a ƙarƙashin gado. Yanzu hawan jinin ido ya kama shi. Likita bai ɓoye musu komai ba, ya ce ganin zai riƙa rufewa ne daga gefe, kamar mai leƙe ta bututu, bututun kuma kullum ƙara tsukewa yake yi. Auta, wadda sana'arta haɗa bidiyo ce a wani ɗan kamfanin talla, ta ci alwashin sai Baba ya ga aikin hannunsa a babban allo kafin hasken ya ɗauke. Ta zuba hotunan a kwamfutarta, ta goge musu tabo, ta naɗi muryar Baba yana ba da labarin kowanne, ta jera su suka zama fim. Abin da ya rage kawai shi ne kwamfutar ta dunƙule aikin ta fitar da shi, ita kuwa duk sanda ta kai tsakiya sai ta ɗauki zafi ta sandare.

"Ƙwaƙwalwarta ce ta tsufa," in ji Yaya, ranar da ta kai masa. Firosesa yake nufi, ɗan ƙarfen nan mai faɗin akwatin ashana da ke yi wa kwamfuta tunani. "Kin taki sa'a. Sabo zai fito sati mai zuwa. Bod ɗinsa ma ya riga ya shigo kasuwa."

"Yaya, ni ba na son sabo. Ka sa min wanda yake akwai."

"Ke dai ba ki da buri. In sa miki abin da zai zama kwantai nan da sati? A ce daga shagona ya fito?"

Ta ce masa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ya ce wannan maganar matsorata ce. Ta tafi aiki a kan zai duba kawai, da ta dawo ta tarar ya farke cikin kwamfutar, ya cire tsohon bod, wato faffaɗan allon da komai ke zaune a kansa, ya sayar wa wani da nasa ya ƙone, ya ɗaura sabo fil. A tsakiyar sabon akwai gurbin firosesa, wayam, an rufe shi da ɗan baƙin murfin roba.

Sati mai zuwan ya zo ya wuce. Kamfanin da ke ƙera firosesan ya fitar da sanarwa cewa an gano matsala a gwajin ƙarshe, an janye kayan da aka riga aka tura, sai an sake dubawa. Yaya ya karanta mata sanarwar daga wayarsa har da gyaɗa kai, sai ka ce yabonsa aka yi.

"Kin gani? Mutanen nan ba sa wasa da inganci."

"Yaushe zai fito?"

"Sun ce nan gaba kaɗan."

"Nan gaba kaɗan rana ce? Wace rana ce a kalanda?"

"Kada ki ɗaga min murya a shagona, Auta."

"To mayar min da tsohon bod ɗina."

"Wanda ya saya ya yi tafiya."

Ta fita tana huci. Ta ciro faifan ajiyarta ta gwada aikin a laftof ɗin wata abokiyar aikinta, laftof ya buɗe baki ya kasa haɗiyewa. Ta roƙi mai kamfaninsu ya ba ta aron ta ofis, ya ce ba don hotunan gidan su wani ya saye ta ba. Ta mayar da faifan ta zauna jiran gawon shanu, kuma ba ta taɓa tsanar mutum yadda ta tsani yayanta a makonnin nan ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda ya mayar da jiran sana'a. Kullum akwai sabon labari. Yau wani mai sharhi a intanet ya ce ƙarshen wata, gobe wani ya ce ai an ga kwalayen a tashar jirgin ruwa, jibi kuma a ce a'a, masana'antar ce ba ta iya fitar da adadin da ake so ba, sai farkon wata mai kamawa. Yaya yana tattara waɗannan zantuka yana turo mata ta waya da sassafe, ko gaisuwa babu. Ita kuma ta daina amsawa. A gida, in suka haɗu wajen duba Baba, gaisuwar ma da ƙyar take fita.

Baba yana zaune ne kullum a kujerar da ke bakin taga, don nan hasken ya fi. Da can in Auta ta shigo, tun daga bakin ƙofa yake ce mata ta rame ko ta yi ƙiba. Yanzu sai ta tsaya daidai gabansa, ya juyo da kansa gaba ɗaya, sannan ya same ta.

"Autata, ina fim ɗin namu?"

"Ka tambayi ɗanka, Baba."

"Ke nake tambaya. Ko 'yan kaɗan ne ki nuna min mana a wayarki."

"Haba Baba, a waya? Aikin da na sha wahalarsa? A babban allo za ka gan shi, da murya da komai. Sai an gama."

Ya yi murmushi ya ce to, Allah ya kai mu. Ba wannan ne karon farko da ya roƙa ba, kuma amsar ba ta taɓa canzawa ba.

Ranar da kamfanin ya sake ɗage fitowar a karo na biyu, Auta ta nufi shagon ba tare da ta san me za ta yi ba, ta dai san ba za ta iya zama ba. Ta tarar Yaya ya tafi karɓo kaya a tasha, ya bar wa maƙwabcinsa jiran shago. Mai Firinta ake ce wa maƙwabcin, wani siririn mutum mai baƙin tawada a farce, wanda shi da Yaya ba sa ga maciji tun wata rigima da suka yi a kan wayar wuta. Jiran shago ne kawai ke haɗa su, shi ma don babu yadda za su yi.

Kwamfutarta tana kan teburin aiki a kwance, ciki a buɗe, ƙura ta fara hawa. A cikin akwatin gilashin da Yaya ke jera kaya kuwa, ga tsohon firosesanta nan a ajiye a kan soso. Ta gane shi da ɗan tabon biro da Yaya ya yi masa ranar da ya cire.

"Wancan ba nawa ba ne?"

"Naki ne mana," in ji Mai Firinta. "Lafiyarsa ƙalau. Yana nan yana jiran mai saye."

"Ga ƙwaƙwalwa, ga bod. Me ya hana a haɗa su ko na ɗan lokaci ne?"

"Ki tambaye ni!"

"Yaya ya ce wai gurbin ba ɗaya ba ne."

Mai Firinta ya yi tsaki. "Haka suke cewa duka. In ba su tsorata ku ba, ta ina za su ci abinci? Dubi girmansa, dubi girman ramin. Ƙwaƙwalwa ai ƙwaƙwalwa ce. Girman kai ne kawai, ba ya son a ce ya sa tsoho a sabo."

Mutumin nan bai taɓa haɗa kwamfuta ba a rayuwarsa, kuma Auta ta san haka. Amma maganar ta zo daidai da abin da take son ji. Ita gwana ce a kan allo, ta san inda za ta yanke da inda za ta haɗa, cikin kwamfuta kuwa ba ta san shi ba, ta dai sha ganin Yaya yana yi. Ta ɗage ɗan ƙarfen da ke danne gurbin, ta ɓalle murfin robar. A ƙarƙashinsa ga wasu 'yan allurai masu ruwan zinariya, sirara fiye da gashi, cunkus a jere, duk sun karkata gefe guda. Ta ɗora firosesan. Bai zauna ba, gefe ɗaya ya ɗage. Ta juya shi, bai zauna ba. Ta danna da babban yatsa.

"Ɗan ƙara ƙarfi," in ji Mai Firinta daga bakin ƙofa. "Sabon abu sai da ƙarfi."

Ta mayar da ƙarfen ta danne da duka hannunta. Sai ta ji wani ɗan ƙaras, ƙarami ƙwarai, irin na wanda ya taka ɓawon ƙwai. Ko da ta waiwaya, Mai Firinta ya koma shagonsa yana ta faman buga wani inji.

A haka Yaya ya shigo ya same ta. Ya ajiye kwalin da ke hannunsa, ya ture ta gefe, ya ɗage ƙarfen ya cire firosesan. Alluran gefe guda sun kwanta, wasu sun harɗe da juna. Ya ɗago ya dube ta.

"Wa ya aike ki?"

"Kayana ne."

"Kayanki? Kin san abin da kika yi? Kin kashe bod. Ko yau firosesan ya fito, babu inda zai zauna. Gaggawar banza! Tun kina yarinya haka kike, abin da ba ki sani ba sai kin tsoma hannu."

"Kai kuma tun kana yaro kake jira! Me ka taɓa gamawa a rayuwarka? Dubi kwamfutarka, dubi shagonka. Mutum ya kawo maka abu yana tafiya da ƙafarsa, ka yanke ƙafar ka ce ya jira ta zinariya. Idon Baba ba ya karanta sanarwar kamfani, Yaya. Idon Baba ba ya jira."

"Au, yanzu kika san haka?"

"Me kake nufi?"

"Laifi tudu ne. Hotunan nan tun yaushe suke hannunki? Tun Baba yana karanta jarida da kansa. Sau nawa ya ce ki nuna masa? Ke ce kullum sai an gama, sai an sa murya, sai an gyara launi. Ni a layi ake ce min Sai-Sabo, ke a gida me za a ce miki?"

Ta ji maganar har cikin ƙashinta, kuma don ta san gaskiya ce sai ta ƙara tsanarsa. Ta ce masa Allah ya isa. Ya ce ta fice masa daga shago. Mutanen layi sun taru a ƙofa suna kallo, babu wanda ya ce su yi haƙuri, don an daɗe ba a samu abin kallo irin wannan ba.

Washegari ya turo mata saƙo, gajere, babu gaisuwa. Ya ce zai gwada miƙar da alluran ɗaya bayan ɗaya da tsinken allura, amma madubin ƙara girmansa ya tsage, kuma bai sayi wani ba don akwai wani sabon samfuri mai fitila da yake jira ya shigo. Ya ce ta tambayi Baba ko zai ba da aron nasa. Auta ta karanta ta yi dariyar da ba ta daɗi ba.

Madubin Baba ɗan ƙarami ne mai ido ɗaya, irin wanda masu hoto ke karawa a ido su duba dodon hoto. Tun suna yara ba mai taɓa shi. Ko bayan ya rufe situdiyo yana rataye a wuyansa da baƙin zare, da shi yake duba lambar waya da rubutun jikin magani. Auta ta durƙusa gefen kujerar tana ta kewaye-kewaye, tana neman yadda za ta roƙa ba tare da ta faɗi abin da ta yi ba.

Baba bai bari ta gama ba. Ya cire zaren ta kansa ya miƙo, amma ba daidai inda take ba, sai da ta matsar da hannunta ta tara.

"Aro ne, Baba. Da ya gama zan dawo maka da shi."

"Ki ce ya riƙe."

"Da me za ka duba maganinka?"

"Ki ce ya riƙe, Auta. Ya fi ni buƙata."

Ta ji abin da ya faɗa, ta ƙi fahimta. Ta ciro wayarta da sauri ta ce bari ta nuna masa wasu hotuna 'yan kaɗan da take da su a ciki. Ya ɗaga mata hannu ya ce a'a, ai ita ta ce sai a babban allo, shi ma yanzu ya fi son haka, kada a ɓata abin. Ta mayar da wayar jaka tana gaya wa kanta gajiya ce ke damunsa.

Yaya ya yi kwanaki a sunkuye a kan bod ɗin, madubin Baba a ido, tsinke a hannu, yana ɗaga allura ɗaya ya huta. In Auta ta zo ta tsaya a kansa, ba ya ɗagowa. In ta tambaya ko zai yi, sai ya ce, "Ki tambayi Mai Firinta, ai shi ne malaminki." Babu hanyar gwadawa sai firosesan ya zo, don haka suka ci gaba da jira, kowa yana ganin baƙin ɗan'uwansa.

Daga ƙarshe dai ya fito. Babu shela babu komai, wata safiya kawai kwalaye suka bayyana a layi, kowane shago ya jera nasa. Yaya ya ɗora shi a gurbin, ya zauna daram. Ya danna maɓalli, fanka ta juya, allo ya kawo haske. Auta ta ja kujera ba ta ce masa sannu ba, ta buɗe aikinta ta ba shi umarni. Abin da tsohuwar ke yini tana nishi a kai ta kasa, wannan ta gama shi kafin ruwan zafin da Yaya ya ɗora ya tafasa.

"Kin gani?" in ji shi. "Mai haƙuri shi kan dafa dutse."

"Ɗauko allon mu tafi."

Ya ɗauko mafi girman allon da ke shagon, suka kai gida da yamma. Suka jawo tebur gaban kujerar Baba, suka saki labulen taga don hoton ya fito sosai. Yaya yana jona wayoyi yana yi wa Baba bayanin yawan ƙwayoyin firosesan da saurinsa, Baba yana cewa madalla, madalla. Auta ta gyara masa matashi ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

Ta tsara farkon fim ɗin ne babu murya babu kiɗa, hotuna kawai, don ido ya sha kafin kunne. Ta danna. Labulen situdiyon nan shuɗi ya cika allon, tar, har ana ganin saƙar zaren. Sai wani tela riƙe da almakashi yana ƙoƙarin ɓoye dariya. Sai wasu tagwaye a kan keke. Sai mahaifiyarsu, Allah ya jiƙanta, tana budurwa, ta kauda kai don kunyar mai ɗaukar hoton. Auta ba ta kalli allon ba, fuskar Baba take kallo.

Ya zauna tsaf, hannuwansa a kan gwiwa, ya fuskanci wajen da ya ji an ajiye teburin, yana ɗan murmushi irin na wanda aka ce ya shirya za a ɗauke shi hoto. Hasken allon yana sauyawa a kan fuskarsa. Hoton matarsa ya zo ya daɗe ya wuce, idonsa bai motsa ba.

"Dubi kaifin hoton nan, Baba," in ji Yaya. "Da tsohon ne da ba ka..."

"Rufe mana baki," in ji Auta.

Yaya ya juyo zai mayar mata, sai idonsa ya sauka a kan mahaifinsu. Madubin Baba yana rataye a wuyan Yaya, ya kai hannu ya damƙe shi.

Baba ya laluba ya dafa kan Auta.

"To, Autata, na shirya," ya ce. "In kun gama faɗan, ku kunna."